Tambayoyinku: "Ranar wucin gadi" da neman lantarki daga haɗe ƙwayoyin zarra

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne kan batu guda, wato labarin da ke yawo cewa wasu ƙasashe sun ƙera rana tasu ta kansu, da kuma alkawarin cewa nan ba da jimawa ba duniya za ta samu lantarki mara yankewa daga ruwan teku. Mun zaɓi biyar daga cikinsu muka taƙaita, domin da yawa tambaya ɗaya ce aka yi ta da baki daban-daban.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An turo mini wani bidiyo a WhatsApp wanda ke nuna wani dunƙulen haske yana tashi sama, mutane sun taru a bakin teku suna ɗaukarsa da waya, aka ce wai ranar da ƙasar Sin ta ƙera ce. Shin da gaske ne? In kuwa gaskiya ne, me za su yi da rana ta biyu? (Wani ɗan kasuwa daga Funtuwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bidiyon da ya daɗe yana yawo da wannan bayani na harba roka ne, kuma babu wata ƙasa da ta rataya komai a sama don ya yi gasa da rana. Abin da 'yan jarida suka laƙaba wa suna ranar wucin gadi wata na'ura ce mai suna EAST, wadda ke cikin wani ɗakin bincike a birnin Hefei na ƙasar Sin. Ta fara aiki a shekarar 2006, kuma har yau tana nan inda aka girka ta. Dangantakarta da rana ita ce ana so a koyi yin irin aikin da ke gudana a cikin rana, amma a ƙasa, a cikin akwatin ƙarfe, ta yadda za a iya kunnawa a kashe.

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, kuma akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektiron da ke kewaye da ita. A tsakiyar rana cibiyoyin haidirojin suna haɗewa su zama hiliyom, sai dai nauyin hiliyom ɗin da aka samu bai kai jimillar nauyin abin da aka haɗa ba, kuma wannan ɗan giɓi shi ne yake fitowa a matsayin haske da zafi. A kowace daƙiƙa rana tana sarrafa haidirojin kimanin tan miliyan 600, daga ciki wajen tan miliyan 4 suna rikiɗewa su zama makamashi. Wahalar da ke cikin kwaikwayon wannan aiki ita ce cibiyoyin duk caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, saboda haka tunkuɗe juna suke yi, ba sa haɗewa sai sun yi karo da matsanancin gudu, gudun ƙwayoyin zarra kuwa shi ne abin da muke kira zafi.

Idan zafi ya kai wannan matsayi, abu ba ya zama a yanayin da muka saba. Ƙanƙara tana narkewa ta zama ruwa, ruwa ya zama tururi, in aka ci gaba da ƙara wuta sai ilektiron su kuɓuce daga cibiyoyinsu, kowa ya kama gabansa. Wannan yanayi na huɗu shi ne filasma, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinka. Walƙiya filasma ce. Idan ka tsaya kusa da mai walda ka lura da ɗan tsakanin da ke tsakanin bakin sandarsa da ƙarfen da yake liƙewa, wannan farin haske mai ratsin shuɗi da ke sa shi rufe ido da baƙin gilashi iska ce da ta koma filasma, lantarki yana bi ta cikinta kamar yadda yake bin waya.

Zafin tsakiyar rana kimanin digiri miliyan 15 ne a ma'aunin salshiyos, amma na'urorin duniya suna neman miliyan 100 zuwa 150. Dalili shi ne rana tana da abin da ba mu da shi, wato nauyin jikinta da ke danne tsakiyarta har kaurin abin da ke wurin ya ninka na ruwa kusan sau 150, sannan tana da lokaci, domin cibiyar haidirojin guda tana iya shafe biliyoyin shekaru kafin ta haɗe da wata. Girman rana ne yake sa jimillar ta yi yawa. Wanda yake son lantarki daga na'urar da za ta shiga cikin gini ba zai iya wannan jira ba, shi ya sa ake amfani da wasu nau'o'in haidirojin guda biyu masu saurin haɗewa, diyuteriyom da tiritiyom, ake kuma ninka zafin.

To, a cikin me za a zuba abu mai wannan zafi? Tangstin, wanda ya fi kowane ƙarfe jure wuta, yana narkewa a digiri 3,422. Abin da zai ba ka mamaki shi ne narkewar bango ba ita ce damuwa ta farko ba, domin filasmar da ke cikin waɗannan na'urori ba ta da kauri ko kaɗan, iskar da muke shaƙa ta fi ta kauri sau dubu ɗaruruwa. Da zarar ta taɓa bango sai ta huce ta mutu. Maganin da aka samo shi ne a rataye ta a tsakiyar akwatin da ƙarfin maganaɗisu, tun da ƙwayoyi masu caji suna bin layin maganaɗisu suna kewaye shi. Kuma domin kada su zube ta ƙarshen layin, sai aka lanƙwasa akwatin ya zama da siffar gammo, babu farko babu ƙarshe. Irin wannan na'ura ita ake kira tokamak, kuma EAST ɗaya ce daga cikinsu.

Filasma ba ta son zama wuri ɗaya. Tana murɗewa, tana kumbura, tana tsiyayar da zafinta ta gefe, wani lokaci kuma ta wargaje gaba ɗaya cikin ƙasa da ƙiftawar ido, ta jibge zafinta a bango, ta girgiza na'ura mai nauyin ɗaruruwan tan. Yawancin aikin masana wannan fanni na shekara 70 ya tafi ne wajen gano waɗannan halaye ɗaya bayan ɗaya da neman yadda za a shawo kansu. Shi ya sa ya zama labari da EAST ta riƙe filasma daƙiƙa 1,066 a watan Janairun 2025, da kuma lokacin da na'urar WEST ta Faransa ta kai daƙiƙa 1,337 a watan da ya biyo baya. Na'urar KSTAR ta Koriya ta Kudu kuma ta riƙe zafin digiri miliyan 100 na daƙiƙa 48. Duk cikinsu babu wadda ta ba da lantarkin da zai kunna ko ƙwai ɗaya, shan lantarki ma suke yi, domin an gina su ne don koyon riƙo.

Tambaya: Malam, mu nan Nijar mun san yuraniyom da ake haƙa a Arlit ana kai wa tashoshin nukiliya. Shin wannan sabon abu ba shi ne dai aka sake wa suna ba? Kuma ba zai iya fashewa kamar bam ba? (Wata malamar makaranta daga Damagaram)

Amsa: Malama, hanyoyi biyu ne masu kishiyantar juna. Yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit tun shekarar 1971 cibiyarsa babba ce mai nauyi, kuma ana samun makamashi ne ta hanyar fasa ta. Kowace cibiya da ta fashe tana sakin wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikinta, waɗanda ake kira niyutiron, da za su fasa na kusa da ita, aiki ya yi ta yaɗuwa da kansa, saboda haka aikin mai kula da tashar shi ne ya riƙa danne shi. Duk tashoshin nukiliya da ke ba da lantarki a duniya yau irin wannan ne, haka ma ƙaramar na'urar bincike mai ƙarfin kilowat 30 da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004. Ana loda musu makamashin da zai kai su shekara ko fiye, kuma ko an kashe su tokar da ke ciki tana ci gaba da fitar da zafi, wanda shi ne ya jawo masifar Fukushima a 2011 bayan na'urorin sanyayawa sun tsaya.

A na'urar haɗewa lamarin ya juya. Makamashin da ke cikin akwatin a kowane lokaci 'yan giram kaɗan ne, ana ɗura shi sannu a hankali, kuma aikin mai kula shi ne ya hana wutar mutuwa. In wani abu ya lalace, filasma ta huce, aiki ya tsaya cikin daƙiƙoƙi. Na'urar tana iya lalacewa, a yi asarar kuɗi mai yawa, amma ba ta da hanyar da za ta ƙwace ta ci gari. Gaskiya ne cewa bam ɗin haidirojin, wanda Amurka ta fara gwadawa a watan Nuwamban 1952, da haɗewa yake aiki, sai dai ba ya tashi sai an fara tayar da bam na fasa cibiya a jikinsa don ya matse shi, kuma babu makamancin wannan a tokamak.

Amma kada ki yarda da masu cewa babu datti ko kaɗan. Tiritiyom kansa yana fitar da tururin nukiliya, kuma da yake haidirojin ne, yana ratsa ƙarfe, yana kuma iya shiga cikin ruwa, saboda haka tsare shi babban aiki ne. Sannan kashi 80 cikin 100 na makamashin da haɗewa ke fitarwa niyutiron ne ke ɗauke da shi. Niyutiron ba shi da caji, maganaɗisu ba ya tare shi, kai tsaye yake dukan bango, kuma a hankali yana sa ƙarfen ya yi gautsi ya kuma fara fitar da tururi shi ma. Za a riƙa cire sassan bangon da na'urori masu sarrafa kansu ana adana su. Bambancin da ke akwai shi ne masu ƙira suna neman irin ƙarfen da haɗarinsa zai ragu cikin kimanin shekara 100, alhali wasu abubuwan da ke cikin tokar yuraniyom sai sun shafe dubban shekaru. Bambanci ne mai girma, amma kalmar "tsaftatacce" da ake yawan liƙa wa wannan makamashi ta wuce gona da iri.

Tambaya: Malam, a ƙarshen 2022 an sanar cewa Amurka ta samu makamashi fiye da wanda ta zuba. In haka ne ai an gama. Me ya hana a fara gina tashoshi? (Wani ɗalibin injiniya daga Kano)

Amsa: Ɗan'uwa, sanarwar gaskiya ce, amma sai ka tambayi a wane wuri aka tsaya aka yi lissafin. Gwajin an yi shi ne ranar 5 ga Disamba, 2022, a cibiyar NIF da ke ɗakin bincike na Lawrence Livermore a jihar Kalifoniya, kuma ba tokamak ba ce, wata hanya ce daban. Ana ɗaukar wani ɗan ƙwallo mai faɗin kimanin milimita 2, wanda aka daskarar da diyuteriyom da tiritiyom a cikinsa, a sa shi cikin ɗan ƙaramin bututun zinariya, sannan a harba hasken leza 192 a lokaci guda ta bakunan bututun biyu. Bangon zinariyar yana mayar da hasken ya zama irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wannan kuma ya ƙone bayan ƙwallon, cikinsa ya matse da tsananin ƙarfi har haɗewa ta kama. Komai yana farawa ya ƙare cikin 'yan kashi kaɗan na biliyan na daƙiƙa.

Hasken da ya isa bututun megajul 2.05 ne, abin da ya fito kuma megajul 3.15. Wannan shi ne ribar da aka sanar. To, yunit ɗaya na lantarki da kake saya a mita daidai yake da megajul 3.6, ka ga abin da ya fito bai cika yunit ɗaya ba. Domin a samar da wancan hasken kuwa, na'urorin lezar sun sha kimanin megajul 300 daga layin wuta, wato sama da yunit 80. Idan aka yi lissafi daga bakin ƙwallo an ci riba, idan aka yi shi daga mita an zuba ɗari an kwashi ɗaya. An maimaita gwajin daga baya, sakamakon ya yi ta ƙaruwa har ya wuce megajul 8 a 2025, amma giɓin yana nan da faɗinsa.

Ba raina aikin nake yi ba. Tun a shekarun 1950 wani injiniya ɗan Ingila, John Lawson, ya nuna cewa sai abubuwa uku sun taru kafin a ci riba: zafi, da yawan ƙwayoyi a wuri guda, da tsawon lokacin da filasma ke riƙe zafinta kafin ya tsiyaye. Ana iya rage ɗaya in an ƙara wani, shi ya sa hanyar leza take matse makamashi ya fi dalma kauri nesa ba kusa ba na ɗan ƙanƙanin lokaci, hanyar maganaɗisu kuma take barinsa sakayau amma tana neman riƙe zafin na 'yan daƙiƙoƙi. Abin da NIF ta nuna shi ne an kai matsayin da hiliyom ɗin da ake samarwa, wanda ke ɗauke da kashi 20 cikin 100 na makamashin, yake dumama sauran diyuteriyom da tiritiyom ɗin da kansa har wutar ta ci gaba da ci. Ba a taɓa ganin haka a ɗakin bincike ba kafin wannan cibiya, kuma an shafe fiye da shekara goma ana nema tun da aka buɗe ta a 2009.

Abin da ya rage tsakanin wannan da tashar lantarki shi ne wanda kai ɗalibin injiniya za ka fi ganewa. Tasha tana buƙatar harbi kusan goma a kowace daƙiƙa, dare da rana, alhali NIF harbi ɗaya ko 'yan kaɗan take yi a yini. Tana buƙatar ƙwallaye kusan miliyan a kowace rana a farashi mai rahusa, alhali kowane ɗaya yanzu aikin hannun ƙwararru ne mai tsada. Sannan zafin da aka samu sai ya tafasa ruwa, tururi ya juya injin, inda fiye da rabinsa zai salwanta kamar yadda yake faruwa a kowace tasha mai amfani da tururi. Ya kamata kuma ka sani cewa ba don lantarki aka gina NIF ba. Babban aikinta shi ne taimaka wa Amurka ta tabbatar da ingancin makamanta na nukiliya ba tare da ta tayar da su ba.

A ɓangaren maganaɗisu ba a ma kai ga wannan riba ta farko ba tukuna. Na'urar JET da ke Culham kusa da Oxford, wadda ƙasashen Turai suka yi tarayya a kanta, ta samar da megawat 16 a 1997 bayan an zuba wa filasmarta megawat 24. A watan Oktoban 2023, dab da rufe ta, ta fitar da megajul 69 cikin kimanin daƙiƙa 5 daga makamashin da bai wuce miligiram 0.2 ba. Wannan daidai yake da zafin da za a samu daga kusan lita 2 na fetur, daga abin da da ƙyar ido zai gani. Duk wanda ya dubi wannan adadi zai gane dalilin da ya sa aka ƙi haƙura da neman, duk da tsadarsa.

Tambaya: Tun ina kwalejin horon malamai nake jin ana cewa saura shekara 30 a fara samun lantarki ta wannan hanya. Yanzu na yi ritaya, jikokina ma abin da suke karantawa ke nan. Anya ba yaudara ba ce? (Wani dattijo daga Zangon Kumasi)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Shakkarka tana da tushe, domin wannan fanni ya sha jin kunya. A watan Maris na 1951 shugaban Ajantina, Juan Perón, ya sanar wa duniya cewa wani masani mai suna Ronald Richter ya cimma haɗewa a wani tsibiri, daga baya bincike ya nuna babu komai. A farkon 1958 jaridun Ingila sun yi ta shelar nasarar wata na'ura mai suna ZETA, bayan 'yan watanni masu ita suka janye maganar. A 1989 wasu masana biyu a Jami'ar Utah, Martin Fleischmann da Stanley Pons, suka ce sun yi haɗewa a cikin kwalbar ruwa ba tare da zafi ba, sauran ɗakunan bincike suka gwada suka kasa samun abin da suka faɗa.

Sai dai a gefen waɗannan akwai ci gaba na gaske, wanda aka auna aka tabbatar. Tunanin tokamak ya fito ne daga Andrei Sakharov da Igor Tamm a Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1950. Da Rashawa suka ce na'urarsu T-3 ta kai digiri miliyan 10 a 1968, masanan Yamma ba su yarda ba, sai aka gayyaci wata tawaga daga Culham ta je Mosko da kayan awonta a 1969, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, ta auna ta tarar gaskiya ne. Daga nan kowa ya koma gina tokamak. A 1982 kuma, a na'urar ASDEX ta Jamus, Friedrich Wagner ya lura cewa in aka ƙara wa filasma zafi ya wuce wani mataki, sai ta yi wa kanta wani shinge a gefe wanda ke ninka riƙon zafinta kusan sau biyu. Babu wanda ya yi hasashen haka, kuma a kan wannan yanayi aka tsara manyan na'urorin da suka biyo baya.

Darasin da aka koya shi ne girma yana taimakawa, domin zafi ya fi daɗewa kafin ya tsiyaye daga babbar filasma, girma kuwa kuɗi ne. Wannan ne ya haifi ITER, wata katafariyar tokamak ta haɗin gwiwar ƙasashe, wadda shugaban Amurka Ronald Reagan da shugaban Tarayyar Sobiyet Mikhail Gorbachev suka amince da tunaninta a Janiba a 1985, aka sa hannu a yarjejeniyarta a 2006, ake kuma gina ta a Cadarache da ke kudancin Faransa. Tarayyar Turai da Amurka da Rasha da Sin da Japan da Koriya ta Kudu da Indiya ne ke da ita. Nauyin na'urar zai kai tan 23,000, maganaɗisunta za a sanyaya su zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, 'yan mitoci kaɗan daga filasma mai digiri miliyan 150. Burinta shi ne a zuba wa filasma megawat 50 a samu zafin megawat 500. Ko injin lantarki ba za a haɗa mata ba, zafin za a sake shi ne ta hasumiyoyin sanyayawa.

Jinkirin ITER ba duka laifin kimiyya ba ne. An tsara cewa yawancin gudummawar ƙasashe kayan aiki ne ba tsabar kuɗi ba, kowace ƙasa ta ƙera nata sashe a masana'antunta ta aiko, domin kowa ya koyi sana'ar. Tsari ne mai kyau ga siyasa, mai wahala ga injiniya. A 2022 aka gano tsagewa a bututun sanyaya wasu garkuwoyin zafi, aka kuma tarar bakunan wasu sassan akwatin ba su dace da juna yadda za a yi musu walda ba, har sai da aka ciro sashen da aka riga aka girka. A watan Yulin 2024 shugaban aikin, Pietro Barabaschi, ya sanar da sabon jadawali: bincike zai fara a 2034, amfani da tiritiyom kuma sai 2039, tare da ƙarin kuɗi na kimanin yuro biliyan 5.

Akwai masu neman gajeriyar hanya. A Greifswald ta Jamus na'urar Wendelstein 7-X tana bin wata ƙira da Lyman Spitzer ya fara kawowa a Princeton a 1951, inda ake murɗa maganaɗisun kansu maimakon a dogara da lantarkin da ke gudana cikin filasma kamar yadda ake yi a tokamak, kuma ta yi aiki na minti 8 a jere a 2023. Kamfanin Commonwealth Fusion Systems, wanda ya fito daga jami'ar MIT ta Amurka, ya gwada wani sabon maganaɗisu mai ƙarfin tesla 20 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) a 2021, yana kuma gina ƙaramar tokamak mai suna SPARC, bisa hujjar cewa ƙarfin maganaɗisu yana iya maye gurbin girma. Wannan hujja ce mai ƙarfi a ganina. Wani kamfanin, Helion, har ya ƙulla yarjejeniya da Microsoft a 2023 cewa zai fara ba shi lantarki a 2028. Irin waɗannan ranaku ina karanta su ne da sanin cewa mai neman masu zuba jari ne ya tsayar da su. Ra'ayina, Baba, shi ne ba yaudara ba ce, amma ba na sa ran hanyar haɗewa ta ba da wani kaso na a zo a gani na lantarkin duniya kafin tsakiyar wannan ƙarni, kuma duk gwamnatin da ke fama da ƙarancin wuta yau ba ta da uzurin jiran ta.

Tambaya: An ce makamashin daga ruwan teku ake samunsa, wasu kuma sun ce litiyom ne. Mu da ake haƙar litiyom a jiharmu, za mu amfana? (Wani mai karatu daga Lafiya)

Amsa: Malam, duka maganganun biyu suna da gaskiya, kowace rabi. Diyuteriyom yana cikin kowane ruwa, kusan giram 33 a kowace lita 1,000 ta ruwan teku, kuma an daɗe da sanin yadda ake tace shi. Tiritiyom ne matsalar. Rabinsa yana ruɓewa duk bayan shekara 12.3, saboda haka babu wurin da za a haƙo shi. Abin da ake da shi na farar hula yana fitowa ne galibi daga tashoshin nukiliya samfurin CANDU, musamman na Kanada, kuma duk abin da aka tara a duniya bai wuce kilo 20 zuwa 30 ba, alhali tasha guda mai ba da megawat 1,000 za ta ƙone fiye da kilo 100 a shekara.

Dole ke nan kowace tasha ta riƙa haifar da nata, kuma a nan litiyom ya shigo. Za a lulluɓe akwatin da wani bargo mai ɗauke da litiyom, niyutiron da ya fito daga filasma ya daki litiyom ɗin ya mayar da shi tiritiyom da hiliyom, a tace a mayar cikin na'ura. Lissafin yana da tsauri ƙwarai, domin kowace haɗewa tiritiyom ɗaya take ci, niyutiron ɗaya kuma take bayarwa, wasu niyutiron ɗin kuwa za su ɓace a jikin ƙarfe ko ta kafofin da aka bari don kayan dumamawa. Sai an sa beriliyom ko dalma a cikin bargon don su ninka yawansu, sai kuma an ƙara yawan nau'in litiyom mai lamba 6, wanda bai wuce kashi 7.5 cikin 100 na litiyom ɗin da ake haƙowa ba. Har yanzu babu na'urar da ta nuna cewa za ta iya ciyar da kanta ta wannan hanya, ITER ma ƙananan samfura kawai za ta gwada. A wurina wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi a fannin, kuma ita ce aka fi tsallakewa a labarai.

Game da amfanin da za ku samu, kasuwar litiyom ɗin Nasarawa batir ne ke jan ta, na waya da na mota da na adana wutar sola, kuma haka za ta kasance shekaru masu yawa, domin abin da tashoshin haɗewa za su buƙata kaɗan ne in aka gwada da na masu batir. Wani ma'adinin da ya shafi ƙasar nan shi ne niyobiyom, wanda ake samu daga kolumbait. Da yawa daga cikin manyan maganaɗisun ITER da wayar niyobiyom haɗe da kuza aka naɗa su, kuma tsaunukan Jos sun ba da duka biyun, har Nijeriya ta kasance kan gaba a duniya wajen fitar da kolumbait a shekarun 1950. A yau kusan kashi 90 cikin 100 na niyobiyom ɗin duniya daga Brazil yake fitowa, wayar kuma a masana'antun ƙasashen da ke cikin aikin aka sarrafa ta.